Daina hodar iblis: me ke faruwa daga daren farko zuwa wata na uku?

Malam Nuhu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ta yi ta maimaituwa a saƙonnin da ake turowa, na ga ya dace mu baje ta a faifai. Mutum ya daɗe yana shaƙar hodar iblis ko zuƙar kirak, wato nau'inta da ake zuƙar hayaƙinsa, yau ya ce ya daina. Me zai same shi, daga wace awa zuwa wace rana? Dole ne a kwantar da shi a asibiti? Sannan ƙarin ruwan da ake cewa yana wanke jini, gaskiya ne? Likitoci da ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magani, bismillah. A yi mana dalla-dalla, don masu jinya ne za su karanta.

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Nuhu. Da ƙarin ruwan zan fara, don a nan ake asarar lokaci. Koken, wato hodar iblis, ba ya daɗewa a jini. Cikin kimanin awa 1 jiki ya rage rabinsa, bayan awa 5 ko 6 kusan babu sauransa, hanta da wasu sinadaran da ke cikin jinin sun farfasa shi. Abin da gwajin fitsari ke kamawa tukarsa ce, wani sinadari mai suna benzoyilekgonin, wanda kan yi kwana 2 zuwa 4 yana fita, a wurin wanda ya daɗe yana sha da yawa kuma ya kai kwana 10 ko mako 2. Wannan tukar ba ita ke wahalar da mutum ba. Ko leda goma aka ƙara masa babu abin da aka wanke. Ƙarin ruwa yana da muhallinsa: wanda jikinsa ya bushe har ba ya iya sha da baki, wanda jikinsa ya yi zafi sosai, ko wanda tsokarsa ta fara narkewa ana tsoron ƙoda. In babu ɗaya daga cikin waɗannan, kofi da ruwan sha sun isa.

Ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna fesa sinadarin dofamin idan mutum ya ci karo da abin jin daɗi, sannan su sake zuƙe shi su ajiye. Koken toshe hanyar zuƙewar yake yi, sai dofamin ya taru ya yi ambaliya. In aka yi ta maimaitawa, ƙwaƙwalwa sai ta kare kanta, ta rage ƙofofin da ke karɓar sa. Ranar da aka daina, ambaliya ta janye, ƙofofi kuma sun ragu, sai duniya ta yi wa mutum salam: abinci ba daɗi, hira ba daɗi, ko ganin 'ya'yansa ba ya motsa shi. Hotunan ƙwaƙwalwa da Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka a Amurka sun nuna ƙofofin nan ba su gama dawowa ba ko bayan wata 3 zuwa 4 da dainawa. A riƙe wannan lissafin, don duk abin da za mu faɗa a ƙasa a kansa yake tafiya.

Nas Bala:
Allah ya ƙara sani, Dakta. Ni kuma ga abin da mai jinya zai gani da idonsa a kwana biyun farko. Mutumin da ya yi kwana 2 ko 3 bai runtsa ba yana ta zirga-zirga, zai zube kamar an zare masa laka. Awannin farko akwai ƙunci da rashin natsuwa da matsananciyar ƙawar ya ƙara ko ɗan kaɗan ne. Daga nan barci ya kwashe shi, awa 12, awa 18, wani ya wuni ya kwana. Ya farka da yunwa, ya ci fiye da yadda aka san shi, ya koma ya kwanta. In ka yi masa magana sai ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce "uhm". Akwai munanan mafarkai, da yawa ma sukan yi mafarkin suna sha, su farka zuciya na dukan uku-uku, suna jin kamar sun karya alƙawari.

A ƙyale shi ya yi barcinsa, amma a riƙa leƙa shi. A kwantar da shi ta gefe, kada rigingine, don gudun ya shaƙe amai. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Barcin dainawa, in ka girgiza mutum zai farka ya amsa, ko da a fusace. Wanda ka girgiza bai motsa ba, numfashi ya yi ƙasa da 10 a minti, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, leɓe ya yi shuɗi, wannan ba barci yake ba. Alamar fentanil ce, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi da ke danne numfashi, ko wani ɗan'uwansa da aka gauraya a hodar. A kira motar asibiti, in akwai naloksan na feshin hanci, maganin da ke karya fentanil, a fesa milligiram 4 a kafar hanci ɗaya, in bai farfaɗo ba bayan minti 2 zuwa 3 a ƙara a ɗaya kafar. Naloksan ba ya karya koken, fentanil ɗin yake karyawa, kuma ba zai cutar ba ko da zaton ya zama kuskure.

Dakta Sani:
Abin da na fi jin tsoro a waɗannan kwanakin ba a jiki yake ba. Daina koken shi kaɗai da wuya ya kashe mutum ta hanyar jijjiga ko hawan jini kamar yadda daina giya ke yi. Wannan ne ke sa iyalai, har da wasu ma'aikatan lafiya, su saki jiki su ce ai barci kawai yake. Alhali baƙin cikin da ke saukowa a kwana na 1 zuwa na 4 yana iya kai mutum ga kashe kansa. Dofamin ya yi ƙasa, buguwa ta sake shi, sai ya buɗe ido ya ga bashin da ya ci da amanar da ya ci da mutuncin da ya zubar, duk a lokaci guda.

A tambaye shi kai tsaye, da murya mai taushi: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda ke da shi kuma sau da yawa sauƙi yake ji an tambaya. In ya ce e, a tambaya ko ya tsara yadda zai yi, ko ya tanadi abin yi, ko ya taɓa gwadawa. A kwashe magunguna, maganin ƙwari, igiya da makami daga inda yake. Kada a bar shi shi kaɗai a kwana 3 zuwa 4 na farko, har da dare.

Zancen kwantarwa, Malam Nuhu: yawancin mutane za su iya wuce wannan matakin a gida in akwai mai tsaya musu kuma ana kai su wurin likita. Waɗanda ba a bari a gida su ne mai shirin kashe kansa, mai gane-gane ko jin muryoyi ko zargin ana bin sa har ya zama haɗari, mai ciwon ƙirji ko ciwon zuciya, mai shan giya kullum ko ƙwayoyin barci tare da hodar, mace mai ciki, da wanda gidan da zai koma a nan ake sha ko ake sayarwa. Kulle mutum a ɗaki ko ɗaure shi kuwa ba jinya ba ce. Ranar da aka buɗe ƙofa zai fito da ciwonsa cif, an ƙara masa da ƙiyayyar wanda ya kulle shi.

Malam Garba:
Dakta Sani, ranka ya daɗe, bari in ɗora da rabe-raben da muke koyar da masu ba da shawara. A 1986 likitoci biyu, Gawin da Kleber, suka bi masu shan koken 30 da ke zuwa asibiti daga gida, suka raba abin gida uku. Na farko faɗuwa, daga awa 9 zuwa kwana 4, wato abin da Nas Bala ya kwatanta. Na biyu ainihin ciwon dainawa, mako 1 zuwa 10. Na uku dushewa, wanda ba shi da ranar ƙarewa, ƙawar takan taso jefi-jefi in wani abu ya tuna wa mutum. Tarkon yana farkon mataki na biyu. Wajen kwana na 4 zuwa na 7 mutum ya rama barci, ya ci ya ƙoshi, fuska ta washe, ƙawa ta yi sauƙi. Shi ya ce ya warke, iyali su yi hamdala su mayar masa da waya da katin banki. Sai mako na biyu ya shigo da gundura da saurin fushi da rashin jin daɗin komai, ƙawa ta dawo da ƙarfinta. Ashe an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Dakta Sani:
Malam Garba, ina girmama wannan rabe-raben amma ba na so a ɗauke shi kamar kalanda. A 1990 Weddington da abokan aikinsa sun sa ido a kan masu shan koken da aka kwantar na kwana 28, ba su ga matakai uku ba. Abin da suka gani shi ne damuwa da ƙawa sun fi tsanani a ranakun farko, sannan suka yi ta raguwa sannu a hankali har ƙarshe. In muka ce wa mutum mako na biyu zai fi na farko muni, muna iya tsorata shi a kan abin da ba lalle ya zo ba.

Malam Garba:
Gaskiya ne, Dakta, amma duba inda aka yi kowanne. Na Weddington a kwance suke, ba dila, ba abokan sha, ba kuɗi a hannu. Na Gawin da Kleber suna komawa gida kullum, suna bin titin da suka saba. Wanda ke gida shi ne muke magana a kansa a nan.

Dakta Hadiza:
Ni a ganina binciken biyu ba sa karo, bambancinsu ma shi ne darasin. Rabin ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa, rabin yana cikin abin da ido ke gani. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekara tana haɗa koken da wani ɗaki, wata waƙa, takardar kuɗi da aka naɗe, ƙarar shigowar albashi a waya, ba ta bukatar hodar kafin ta motsa. Mutum na zaune lafiya, ya ga farar leda 'yar ƙarama a ƙasa, sai yawu ya tsinke, ciki ya murɗa kamar zai zaga, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Shi ya sa wanda ya yi wata guda a kwance lafiya lau yake iya komawa ruwa a makon da aka sallame shi. Ba wai jinyar ƙarya ba ce, jarabawar ce ba ta fara ba sai ranar sallama.

Famasis Rabi:
Sannunku da ƙoƙari. Tambayar da masu jinya suka fi yi ita ce wace ƙwaya za a saya. Amsar ba ta da daɗi: har yau babu maganin da hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a matsayin maganin jarabar koken, irin yadda ake da metadon da bufrenofin ga masu shan hiroyin. Duk wanda ya ce yana da allura ko ƙwaya ko jiƙon da ke cire shi daga jiki cikin kwana uku, ya yi ƙarya.

Abin da likita ke yi shi ne rage wahalar alamomi, na ɗan lokaci. In rashin natsuwa ya yi yawa, diyazefam, maganin kwantar da hankali, milligiram 5 zuwa 10, na 'yan kwanaki, kada ya wuce mako ɗaya, kuma ƙwayoyin su zauna a hannun mai jinya. In aka zarce an canza jaraba da jaraba, kuma daina diyazefam ya fi daina koken haɗari ga jiki. Mai zargi da gane-gane, ko mai jin kamar ƙwari na yawo a ƙarƙashin fatarsa har yana tsagar kansa da farce, ana iya ba shi olanzafin milligiram 2.5 zuwa 5. Wannan yakan lafa cikin awanni ko kwanaki. In ya zarce har wajen wata guda ba tare da sha ba, sai a nemi ciwon taɓin hankali mai zaman kansa. Na barci kuma, wasu likitocin sukan ba da mitazafin milligiram 15 zuwa 30 da dare.

Akwai waɗanda ake gwadawa don rage komawa sha, ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin jaraba biyu na Amurka, ASAM da AAAP, suka fitar a 2023 sun ambace su da sharaɗi: bufrofiyon, tofiramet, modafinil, da amfetamin mai sakin kansa a hankali. Amfaninsu matsakaici ne, kowanne kuma da ƙayarsa. Bufrofiyon yana sauƙaƙa faruwar jijjiga, ba a ba mai farfaɗiya ko mai daina giya. Tofiramet ana farawa da milligiram 25 a riƙa ƙarawa mako-mako, yana kawo tsakuwar ƙoda da mantuwar kalmomi, kuma yana iya jawo tsagewar leɓe ga jaririn da ke ciki. Modafinil an fi ganin amfaninsa ga wanda ba ya shan giya, kuma yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa. Babu ɗaya a cikinsu da za a saya a sha ba tare da likita ba.

Nas Bala:
Famasis, ki ɗan tsaya a kan giya, don nan ne ake tafka kuskuren da ke kisa.

Famasis Rabi:
Haka ne, Malam Bala. Da yawa daga masu shan koken suna haɗawa da giya, ko don su sauko su yi barci. In biyun suka haɗu a jiki hanta takan ƙera wani sinadari na uku, kokayetilin, wanda ya fi koken daɗewa a jini kuma ya fi shi cutar da zuciya. Sannan ranar da mutum ya daina duka biyun, kowa sai ya zuba wa hodar ido a manta da giyar. Ciwon daina giya yana farawa awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe da rawar hannu da gumi da tashin zuciya, jijjiga takan zo cikin kwana biyun farko, ruɗewa mai kisa kuma daga awa 48 zuwa 96. Don haka in mai daina koken yana karkarwa, yana gumi sharkaf, yana amai, zuciya na gudu, kada a ce hodar ce. A tambaya: giya nawa a rana, yaushe ne na ƙarshe? Akwai ƙwayar barci? Akwai taramol ko kodin? Mai shan giya kullum yana bukatar diyazefam a bisa tsari da bitamin B1 a ƙarƙashin kulawar asibiti, ƙwayar barci kuma ragewa ake yi a hankali, ba a yanke ta dare ɗaya.

Dakta Hadiza:
Sai zuciya. Koken yana matse jijiyoyin da ke shayar da zuciya, ya sa jini saurin daskarewa, ya kuma ƙara mata aiki. Wani bincike na 1999 ya nuna haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau 24 a awar farko bayan sha, har ga matashi da ba shi da tarihin ciwo. Kuma an ga jijiyoyin suna ci gaba da matsewa jefi-jefi a makonnin farko na dainawa. Duk ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, asibiti ne nan take. A can za a yi gwajin ECG, wato na duba aikin zuciya, da na jini, a riƙe shi awa 9 zuwa 12 ana maimaitawa.

Roƙona ga masu jinya: ku gaya wa likita gaskiya cewa ya sha koken da lokacin da ya sha. Kunya a nan tana iya kisa. Akwai magungunan zuciya irin su furofuranolol da ake gudu in koken na jiki, don suna iya ƙara matse jijiyoyin. Likitan da ya san gaskiya zai fara da diyazefam ko ɗan'uwansa, asfirin da nitirogilisarin. Ƙari ɗaya: fitsarin da ya yi duhu sosai tare da ciwon tsoka bayan kwanaki ana sha ba hutu, alamar narkewar tsoka ce, ƙoda na cikin haɗari. Ga inda ƙarin ruwa ke ceton rai.

Nas Bala:
A duba kunnuwa da fata ma. Ana gauraya hodar da lebamisol, maganin tsutsar cikin dabbobi. A 2009 hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Amurka ta same shi a kusan kashi 70 cikin 100 na koken da ta kama. Yana kashe fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, yana kuma kumbura ƙananan jijiyoyi. Za ka ga fatar kunne ta yi tabo ja mai duhu kamar an murje ta, tsakiyar tabon ya fara baƙi, gefensa kamar zanen raga, yana zafi in an taɓa. Haka a kumatu, kan hanci ko cinya. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da gyambon baki a wurin mai shan koken, a yi gwajin ƙidayar jini a ranar. Tunda an zo gwaji kuma, a haɗa da na HIV da ciwon hanta nau'in B da C, musamman ga wanda ya yi allura ko ya yi tarayyar bututun shaƙa. Hancin da ke zubar jini ko yake fito in ana numfashi, a riƙa wanke shi da ruwan gishiri na asibiti, a nuna wa likitan hanci, mai yiwuwa bangon tsakiya ya huje.

Hajiya Asabe:
Bari ungozoma ta sa baki. Mace mai ciki ba a rage mata koken a hankali, dainawa ake yi gaba ɗaya, amma a ƙarƙashin kulawa. Haɗarin yana cikin ci gaba da sha: hawan jini, ɓallewar mabiyiya daga mahaifa, haihuwa kafin lokaci, jariri ƙarami. Ciwon ciki mai tsanani, ciki ya yi tauri kamar dutse, ko zubar jini, ba a jira gari ya waye. Koken yana shiga nono, wadda ta sha kada ta shayar sai ta yi magana da ma'aikaciyar lafiya. Kuma don Allah a daina yi musu tsawa a ɗakin awo, wadda aka kunyata ba ta dawowa.

Tambayata ga Malam Garba: in babu magani, me ke aiki ke nan?

Malam Garba:
Hajiya, abin da ya fi kowanne hujja shi ne tsarin lada. Stephen Higgins na Jami'ar Bamont a Amurka ya gwada shi a farkon shekarun 1990. Ana gwada fitsari sau 3 a mako na tsawon mako 12. Fitsarin farko da ya fito babu koken, a ba mutum takardar sayayya ta dala 2.50. Kowane mai tsabta da ya biyo baya a ƙara dala 1.25 a kan na baya, uku a jere kuma a ƙara tukuicin dala 10. In ya sha ko ya ƙi zuwa, lada ya koma 2.50, ba faɗa ba gori, in ya kawo biyar masu tsabta a jere a mayar da shi inda ya tsaya. Abubuwa uku ne ke riƙe da tsarin: a bayar nan take, ya riƙa hauhawa, kuma gwaji ya zama akai-akai yadda kwana 2 zuwa 4 ɗin da Dakta ta faɗa ba za su wuce ba a gani ba.

Hajiya Asabe:
Malam, wannan bai kwanta mini ba. A biya mutum don ya bar abin da ke kashe shi? Ranar da kuɗi ya ƙare fa?

Dakta Sani:
Damuwarki tana kan hanya, Hajiya, don amfanin yakan ragu bayan an daina bayarwa. Amma ki tuna halin da ƙwaƙwalwar ke ciki. Lafiya da mutunci da gyaruwar aure lada ne na nesa, sai bayan watanni. Kirak kuwa cikin daƙiƙu yake isa ƙwaƙwalwa. Mutumin da ƙofofin dofamin ɗinsa suka ragu ba ya iya jin na nesa, sai an ba shi wani abu na yau da zai riƙe. Ladan gada ce ta tsallake watanni ukun nan, a cikinsu ake gina abin da zai maye gurbinsa: aiki, motsa jiki, mutanen da ba sa sha, da zaman koyon dabarun tunani da hali, wanda akan yi sau 12 zuwa 16. Cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka, NIDA, ta daɗe tana cewa jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne. Mako ɗaya na barci da abinci share fage ne kawai.

Abu biyu kuma game da makonnin nan. Ba ma gaggawar cewa mutum na da ciwon damuwa a makon farko, mukan jira mako 2 zuwa 4 mu gani, sai in abin ya yi tsanani ko yana da tarihinsa tun kafin ya fara sha. Na biyu barci. An auna barcin masu dainawa da na'ura, aka ga a mako na 2 da na 3 yana raguwa yana lalacewa, alhali su suna cewa ya gyaru. Mantuwa da rashin tattara hankali a lokacin daga nan suke. A tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum, a bar shan kofi, wato gahawa, daga azahar, a fita rana da safe, kada kuma a ɗora masa manyan shawarwari na kuɗi ko aure a wannan watan.

Malam Nuhu:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya da aka turo yanzu: ƙawa ta taso da tsakar dare, me zai yi a wannan mintin? In kuma ya riga ya sha fa?

Malam Garba:
Ƙawa takan hau, ta kai ƙololuwa, ta sauka, yawanci cikin minti 15 zuwa 30 in ba a ciyar da ita ba. Ya duba agogo ya ce wa kansa sai bayan rabin awa. Ya tashi daga inda yake, ya kira mutum ɗaya da aka riga aka yi yarjejeniya da shi cewa ko ƙarfe uku na dare zai ɗauka, ya faɗa da baki: "Tana damuna yanzu." Ya yi tafiya da sauri ko ya watsa ruwa. Amma aikin gaske tun da rana ake yin sa. A goge lambar dila a kuma toshe ta, in ya haddace a canza layi. A zubar da bututu, faranti, reza da duk wani kayan sha, a bincika aljihun tsofaffin riguna da cikin mota. Kuɗi da katin banki su zauna a hannun amintacce da yardarsa na wata 3, ranar albashi kuma a tsara ta awa-awa. Giya a bar ta gaba ɗaya, don kofi biyu sun isa su rushe duk wannan shiri. Ƙungiyoyin taimakon juna irin su Cocaine Anonymous, wadda aka kafa a Los Anjalas a 1982, suna da zama ta intanet ga wanda ba shi da na kusa.

In ya sha, ya faɗa a ranar, ya koma wurin mai ba shi shawara cikin awa 24, a zauna a bi sawu: ina yake, da wa, me ya faru awa biyu kafin nan. Abin da ke mayar da sha ɗaya ya zama na mako guda shi ne tunanin "ai na riga na ɓata".

Famasis Rabi:
A ƙara masa da wannan gargaɗin tun kafin ranar ta zo. Bayan makonni ba sha, jiki ya manta da adadin da ya saba ɗauka, wanda ya koma kan tsohon ma'auninsa yana iya samun jijjiga ko bugun zuciya. Hodar da ke kasuwa yau kuma ba lalle ba ce irin ta watan jiya, mai yiwuwa da fentanil a ciki, shi kuwa jikinsa bai saba da shi ba ko kaɗan. Naloksan ya zauna a gidan a inda kowa ya sani, a koya wa mutum biyu yadda ake fesa shi. Game da gwajin fitsari kuma, masu jinya su kula: wanda ya daɗe yana sha da yawa, in gwajinsa ya nuna koken a kwana na 8 ko na 10, ba lalle ne ya koma ba, tsohuwar tukar ce ke iya fita. A maimaita bayan kwana 3 kafin a tuhume shi. In ya riga ya fito da tsabta sau biyu sannan ya sake nunawa, wannan sabon sha ne.